Shaƙuwar Motar Baba

Motar Baba ta kusa sa'ata, kuma a gidanmu an fi lallashinta a kaina. Fara ce a da, doguwa mai faɗin baya, amma rana da jar ƙasar Tawa sun taru sun mayar da ita kalar kunun tsamiya. Ya saye ta hannun wani ɗan kasuwa a shekarar da ya ajiye aikin gwamnati. Kafin nan direba ne na masu allurar dabbobi, shi ke kwasarsu daga gari ya kai su rugage da rijiyoyi, ta Tebaram har can arewa inda hanya ke ƙarewa sai sawun raƙuma. Da ya zauna gida, motar ta zama ita ce wurin aikinsa. Da safe zai goge ta, ya duba ruwa da baƙin mai, ya tayar da ita ya tsaya yana saurare da kai a karkace. Inna kuwa ta yi ta kewaye ta da tsintsiya tana mita, don ta cinye rabin tsakar gida.

Tafiyarta ta gaske ɗaya ce a mako. Kowace Alhamis Baba yakan je wani ƙauye gaba da Barmu, wurin Gwaggo, yayarsa wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu. Idanunta sun tafi, kuma ta rantse ba za ta bar ɗakinta ta dawo birni ba. Yakan kai mata sukari da ganyen shayi da goro, su wuni suna faɗa a kan gonar da babu mai iya noma ta a cikinsu, la'asar ya juyo gida. Ban taɓa jin ya ce yana kewarta ba, amma ban taɓa ganin Alhamis ta same shi a gida ba sai in yana kwance.

A bazarar da nake magana, motar ta ɗauko wani hali. Da safe lafiya lau take tashi, ta yi tafiyarta sumul. Sai rana ta take, inji ya ɗau zafi, sannan ta fara shaƙuwa: ta fizga gaba, ta ɗauke, ta sake fizga. In aka tsaya a inuwa aka bar ta ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Baba ya kai ta garaji, ya sake kai ta. To garaji da safe ake zuwa, kuma da safe motar nan ba ta da laifi ko ɗaya. Bakaniken ya canza buji, ya wanke karbureta, ya ɗora laifin a kan man kwalba da ake saye a bakin hanya. Ya zagaya da ita unguwa ya dawo ya ce shi dai bai ji komai ba.

Wata Alhamis da yamma, yana dawowa daga ƙauye, abin ya kama ta daidai kasuwar dabbobi. Ta ɗauke, ya ƙara mata wuta, sai ta zabura ta daki bayan amalanken jaki mai ɗauke da durom na ruwa. Babu wanda ya ji ciwo. Jakin ma ko waiwaye bai yi ba, in ji waɗanda suka gani. Amma fitila ɗaya ta fashe, mutane suka taru, kuma kafin motar ta iso ƙofar gida labari ya riga ya isa Abijan, inda Yaya, babban wanmu, ke kasuwanci.

Ni ya kira, ba Baba ba. A gidanmu in akwai magana mai nauyi ta hannuna take bi, wai don ni ce malamar makaranta, na saba da masu taurin kai.

"Ke, ba mota ba ta," in ji Yaya. "Ƙahwar Baba ta ka rawa bisa totur in ya gaji. Shi ya sa ba ta yi da sahe, sai ya daɗe shina tuƙi. Ba ki ga hannunshi ba in shina zuba shayi?"

Na gani. Kowa ya gani, babu dai wanda ya faɗa. Shayin da Baba ke ɗagawa sama ya zubo shi cikin ɗan kofi ba tare da ɗigo ya kauce ba, yanzu sai an goge faranti.

"A amshi makulli a ba Inna ta aje," ya ci gaba. "Yau jaki na, gobe ɗan mutane. Kayan Gwaggo ni ka sa a kai mata."

Na ji haushinsa, don ya yi maganar kamar sukari ne ke kai Baba ƙauyen. Amma ban iya ce masa ƙarya yake ba. Yaya ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi, kuma mutum in yana nesa tsoronsa ya fi yawa. Ni kaina ban san wanda zan gaskata ba.

Da saƙon ya isa kunnen Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya ƙi cin tuwo. Washegari ya sa Inna ta kira ni, ya karɓi wayar ya ce, "Uwata, ki zo ran Asabar. Ki sanyo tuhwahin da ba ki so." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba. Ya ƙara da cewa in har aka tabbatar ƙafarsa ce, shi da kansa zai miƙa makullin, ba sai an aiko daga bakin teku ba.

Na iso da hantsi a kan ɗan babur ɗina. Na tarar ya sa an turo motar daga rumfarta zuwa tsakiyar gida, inda babu inuwa ko ta tsinke. Shi kuma ya kafa kujerarsa gindin dogon yaro, da buta da akwatin kayan aiki a gefe. Bayansa ya daɗe da hana shi sunkuyo, in ya duƙa sai an taimaka masa ya miƙe. Don haka ya bayyana mini tsarin tun farko: shi ne kunne, ni ce hannu. Na gaya masa ni fa abin da na sani a cikin mota bai wuce wurin zama ba. Ya ce haka ya fi, wanda ya san kaɗan shi ke gardama.

Aikin farko da ya ba ni, in ɗauko dutse. A Tawa wannan ba aiki ba ne, ko'ina ka taka dutse ne. Na kawo wani daga tarin da aka ajiye don gyaran katanga, ya juya shi a hannu ya ce ya yi nauyi, na canzo wani. Ya sa na tare ƙafafun motar da wasu duwatsun, ya shiga da kansa ya cire giya ya tayar da ita, sannan ya fito. Ya ce in ɗora dutsen a kan totur, in gyara shi har sai kukan injin ya kai yadda yake so. Ina turawa yana ɗaga hannu, har ya ce ya isa.

"To," ya ce, ya koma kujerarsa. "Ga ƙahwata nan tare da ni. Dutse kuwa ba ya tsuhwa, ba ya rawa. Mu ga abin da za ta yi."

Sai a lokacin na gane abin da yake nufi, na kuwa yi dariya har Inna ta leƙo daga madafa. Ita ba ta ga abin dariya ba. Ta ce za mu ƙona man da zai kai mutum Barmu muna tsaye wuri ɗaya, ga hayaƙi ya kori kajinta.

Muka zauna jira. Murfin injin a rufe yake, don Baba ya ce zafin ya taru a ciki kamar yadda yake yi a hanya. Rana ta hau, irin ranar bazarar da ke sa takalmin roba ya yi laushi a ƙafa. Motar ta yi ta kukanta daidai, babu tangarɗa. Na saci kallon Baba. Ya ɗora hannayensa a kan gwiwa, ya danne ɗaya da ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na fara tunanin yadda zan dubi fuskarsa in motar nan ta wuni a haka. Na yi addu'a a zuciyata, kuma ina jin wannan ne karo na farko da na roƙi Allah ya sa abu ya lalace.

Ana gab da kiran azahar ya ɗaga yatsa. Ni ban ji komai ba. Can sai na ji: kukan ya ɗan faɗa ya dawo. Ya sake faɗawa. Kafin a jima motar gaba ɗaya ta shiga jijjiga, bututun hayaƙi na tari, madubin gefe na kaɗawa, ga mazaunin direba wayam babu kowa.

"Kirawo wanki," in ji Baba, a hankali.

Na kira Yaya ta bidiyo. Na nuna masa dutsen a kan totur, na nuna masa motar tana shaƙuwa, sannan na juya wayar na nuna masa ƙafafun Baba cikin silifa, a ƙasa, gindin dogon yaro. Yaya ya ce to ya gani, amma mota mai wannan hali ma ai ba ta hawa hanya, sai an gano abin da ke damunta. Wannan kam Baba bai musa ba. Ya ce a kashe waya, muna da aiki.

Bayan salla ya fara karatu. Ya ce inji abu biyu yake ci, mai da wuta, kuma in ya yi shaƙuwa ɗaya daga ciki ne ke yanke masa. Muka fara da mai. Ya sa na buɗe murfin tanki a hankali ina saurare, ko zan ji iska ta shiga da ƙarfi, alamar tankin ya toshe ba ya numfashi. Ban ji komai ba sai warin da ya hau mini kai. Ya sa na buɗe murfin injin, zafi ya buso mini a fuska. Ya kwatanta mini wata 'yar roba mai haske da mai ke bi ta cikinta, ya ce in duba ko akwai datti ko kumfa. Babu, man na nan garau. Ya ce wani lokaci zafi kan sa mai ya tafasa a cikin famfonsa, sai ya zama tururi. Ya jiƙa tsumma da ruwan buta ya ba ni, ya yi ta min kwatance, gaba kaɗan, ƙasa, a'a ba wannan ba, har na ɗora shi inda yake so. Muka sake tayar da ita. Shaƙuwar na nan yadda take.

Zuwa lokacin zanina ya gama yawo. Baƙin mai har gwiwar hannu, gumi na shiga mini ido, kuma Baba daga inuwarsa yana gaya mini wai ina riƙe sifana kamar mai riƙe alli. Na ce masa in ya ga dama mu yi musanya, ni in zauna a kujerar. Ya ce ai kujerar ta fi wuya.

"Mai ya hita," ya ce. "Saura wuta."

Nan ne na sha wuya. Ya sa na zare wayar buji ɗaya, na riƙe ta da filaya mai hannun roba, na kusantar da bakinta jikin injin, shi kuma ya murza makulli. Ya ce in gaya masa launin tartsatsin da zan gani. Na ga wani ɗan abu ja-ja, mai rauni, yana zuwa yana ɓacewa. Ina cikin leƙe hannuna ya zame ya taɓa inda bai kamata ba, na ji abin har cikin haƙorana. Na yar da filayar na yi tsalle baya. Baba ya tambaye ni ko ya yi zafi sosai, na ce sosai. Ya girgiza kai ya ce da wutar ƙalau take da ban tsaya ba shi amsa ba.

Muka bar ta ta huce, muka ci abinci. Da muka sake gwadawa tana da sanyi, tartsatsin ya fito shuɗi, yana ƙara ƙyas-ƙyas. Ko ni da ban san komai ba na ga bambancin. Baba ya jingina ya lumshe ido. Ya ce abin da ke ba buji wuta sunansa bobin, kuma bobin in ta gaji haka take yi, da sanyi ta yi aiki, da zafi ta kasa. Sai dai abin ya ɗaure masa kai, don tasa ba ta tsufa ba, bai daɗe da sa sabuwa ba. Shi ya sa ma tun farko bai kawo ta a ransa ba, kuma ya gaya wa bakaniken kada ya ɓata lokaci a kanta.

Duk da haka ya ce a duba. Muka mayar da dutse, muka rufe murfi, muka jira har shaƙuwar ta dawo, sannan ya kashe ta. A motar nan bobin tana can ƙasa ne, a lungu, bayan batir. Batirin kuma sabo ne, ya fi na da girma, ya tare wurin gaba ɗaya, sai dai a zura hannu a lalubo.

"Ki bi babbar wayar ga har ƙarshenta," in ji Baba. "Za ki iske wani abu kamar gwangwani. Ƙarhe na, ki taɓa da bayan yatsa, kar ki ƙone."

Na bi wayar. Na kai ƙarshenta. Abin da na taɓa yana da ɗumi sosai, amma bai ƙone ni ba, kuma ba shi da santsi.

"Baba, wanga ba ƙarhe ba na."

"Mi ne in ba ƙarhe ba?"

"Kamar tsumma. Kaushi gare shi."

Ya ce ban kai wurin ba. Na ce na kai. Muka ɗan yi sa-in-sa, irin wadda muka saba. A ƙarshe ya ce a ciro batirin. Na kwance wayoyinsa yadda ya nuna mini, na rungumo shi da ƙyar na ajiye a ƙasa. Baba ya taso ya dafa gefen motar, ya leƙa iya inda bayansa ya yarda.

Bobin ɗin na nan, amma sanye take da riga. Buhun algarara ne, irin mai kaushin nan na zaren rama, aka yanka daidai jikinta, aka ninka, aka ɗinke tam da zare mai kauri. Baƙin mai da ƙura sun bi shi sun daskare, ya yi baƙi ƙirin, ya bushe ƙamas. Wanda bai sani ba zai ɗauka haka aka ƙero ta.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan rigar. Ita ake ɗinka wa bido, jarkar ruwan da ake tafiya da ita. A naɗe jarka da buhu, a jiƙa shi, a rataye inda iska ke bugawa, sai ruwan ciki ya yi sanyi kamar na randa. Direbobin daji da makiyaya da ita suke rayuwa. Amma sharaɗinta ɗaya ne, sai da ruwa. In ta bushe ta zama bargo. Bobin kuwa daga cikinta zafi ke fitowa, iska take so. An lulluɓe ta da bargo a tsakiyar bazara, a gefen inji, ba mamaki take suma.

Baba ya fusata. Na daɗe ban ga ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce wane marar hankali ne zai yi wa mota wannan aika-aika, ya fara lissafa waɗanda suka taɓa sa mata hannu, daga bakaniken har mai sayar da batir. Ya miƙo mini wuƙa ya ce in yanke. Na yanka ta gefe ɗaya na zare rigar, gwangwanin ya fito, zafinsa ko kusa ba ya taɓuwa. Na miƙa masa buhun.

Inna ta fito da kwanon ruwa, ta ji ƙarshen faɗan. Ta dubi abin da ke hannunsa.

"Ai kai kay yi shi, Malam," ta ce, ba tare da wata damuwa ba. "Bazarar bara. Nan kaz zamna bisa tabarma da basilla, kac ce sabuwar aba ta, ba ka son zahi shi kashe ta. Kullum kahin ka hita sai ka zuba mata ruwa da buta. Da damina ta sauka ka bari. Ni na aza ka cire ta."

"Ni?"

"Kai mana. Har ni kas sa na riƙe maka bakin buhun."

Baba ya koma kujerarsa ya zauna, ya juya buhun ta ciki, inda mai bai taɓa ba. A gidanmu shi ke ɗinka wa kowace jarka riga, kuma yana da yadda yake yi, zare biyu a haɗe, kowane taku ya koma baya ya ɗaure. Ya bi layin zaren da babban yatsa tun daga sama har ƙasa.

"Ɗumkina na," ya ce.

Na yi ƙoƙarin mayar da abin wasa. Na ce to ai ga ɓarawo an kama, a gida yake. Na ce kowa na mantuwa, ni ma nakan nemi tabarau yana bisa kaina. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba.

"Uwata, mantuwa daban. In anka tuna ma mutum, sai shi ce a'a, haka ne, na tuna. Ga shi ta hwaɗi, ga ɗumkin ina gani. Ni ban ga ranar ba. Babu ta."

Inna ta ajiye kwanon ta koma madafa. Ni kuma abubuwa suka riƙa dawo mini, ƙanana, waɗanda na yi wa dariya a lokacinsu: ranar da ya tambaye ni ko mijina ya dawo daga tafiya alhali tare suka yi sallar Juma'a, da ranar da ya sayo goron Gwaggo ya sake komawa ya sayo. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko lokacin da aka ce ya yi karo. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona, sai na duƙa ina tattara sifanu.

Can sai Baba ya ce aiki bai ƙare ba, a mayar da batir. Muka mayar, muka jira bobin ta huce, muka ɗora dutse. Rana ta karkata amma zafin na nan, ƙasa na mayar da abin da ta sha. Motar ta yi ta kuka daidai. Muka ba ta lokaci fiye da na farko, har Inna ta sake leƙowa, wannan karon ba ta yi maganar mai ba. Ko sau ɗaya ba ta yi shaƙuwa ba. Baba ya ce duk da haka zai sa a canza bobin ɗin, don wahalar da ta sha ba za ta bar ta da lafiya ba.

Na kira Yaya. Na gaya masa an gano, abin wuta ne ke ɗaukar zafi, an gyara. Ya yi hamdala, ya ce a ba shi Baba. Ina jin muryarsa daga inda nake, yana neman gafara, yana cewa shi tsoro ne ya sa shi, makulli kuwa na Baba ne, babu mai taɓa shi. Wannan ita ce maganar da muka wuni cikin rana muna nema. Na zaci zan ga Baba ya yi murmushi.

"Ba ka yi laihi ba," ya ce masa. "Ƙahwa lahiya lau take. Akwai sauran magana, amma ba ta waya ba ta. In ka samu hali ka zo gida."

Ya miƙo mini wayar. Ya sa na cire duwatsun, na share wurin, na wanke hannu da toka da sabulu. Ina shirin hawa babur ɗina ya ce in bar shi nan, in zo mu gwada motar a hanya.

Ya tuƙa mu muka fita daga gari ta arewa. Tuƙinsa na nan yadda na san shi tun ina yarinya, a natse, hannu ɗaya a sitiyari, yana kauce wa ramuka tun kafin in gan su. Motar ba ta yi gardama ba. Muka wuce gidajen ƙarshe, ya sauka daga kwalta ya shiga wani fili mai faɗi, mai tsakuwa, inda babu komai sai 'yan awaki can nesa. Ya tsaya, ya ja birkin hannu, ya bar injin na aiki. Ya fito a hankali yana dafe da baya, ya zagayo ta gaba ya buɗe ƙofar gefena.

"Koma can," ya ce.

Ina budurwa na roƙe shi ya koya mini mota har na gaji. Ya koya wa Yaya, ya koya wa ƙannena maza, ni kuwa ya ce in bari, ba aikina ba ne. Na yi fushi a lokacin, daga baya na bar maganar.

"Baba, ai an gano ba kai ba na. Yaya ma ya ce..."

"Na ji abin da yac ce. Alhamis ni ka tuƙi, da wadda ka bi mata, in Allah ya so. Amma hanyar ƙauyen ga, bayan Barmu, akwai wuraren da sai an gwada ma mutum. Akwai inda rairayi ka riƙe mota, akwai inda hanya ta rabu ukku babu alama. Gwaggonki kuwa ba ta san kowace rana ba sai Alhamis. Taso in koya maki tun ina tune."

Na fito na zagaya na zauna a mazaunin direba, ya tura mini kujerar gaba har ƙafata ta kai, ya rufe mini ƙofa. Sannan ya koma ya shiga ɗaya gefen, inda ban taɓa ganin ya zauna ba.